Ba a Wuce Maigida a Ƙofa

Litinin, 3 ga wata, bakwai da rabi na safe

Yau na rataye taswirar hanyoyin fita a bango, da hannuna, kuma ba ta karkace ba. Duk layin nan, daga masu walda har masu fenti, maɗaba'armu ce kaɗai ta nemi takardar shaidar shirin ko-ta-kwana. Ba wanda ya tilasta mana. Wata ƙungiya mai zaman kanta ce take bayarwa, kai za ka kai kanka, su zo su duba ko ka shirya wa gobara da sauran tsautsayi, in ka cika sharuɗɗa su ba ka shaida. Maƙwabta suna cewa na cika neman suna. To, ina nema ɗin. Bara a kan idonmu rumbun masu katifa ya ƙone ƙurmus, kuma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Mu da muke zaune a tsakiyar takarda da sinadarin wanke inji mun fi kowa gemu.

Wata huɗu ina wannan fama. Tukwanen kashe wuta goma sha biyu, kowacce da ranar da aka duba ta. Sinadari ya koma ɗakinsa shi kaɗai. Ayyukan kwastomomi akwai kwafinsu a wani wuri daban. Ƙofar baya da aka garƙame tun ina firamare yanzu turawa ɗaya take buɗewa. Abu ɗaya ya rage, atisaye: a kaɗa ƙararrawa, mutum talatin da huɗu su fice su taru a filin ajiye motoci cikin minti uku.

Baba ya dawo aiki yau, karo na farko tun abin da ya faru. Ya zauna a teburinsa da ke bakin lungun da yake kaiwa ƙofar gaba, inda yake zama shekara arba'in. Lafiya lau yake.

Laraba, 5 ga wata, sha biyu na rana

Minti tara da sakan sha huɗu.

Kuma ba wanda ya yi nawa. Sun kashe injuna, sun bar jakunkunansu kamar yadda na koya musu, suka taho a layi gwanin sha'awa. Sai Kawu Mai Inji, wanda ya fi kowa daɗewa a nan, ya iso teburin Baba ya ja burki, ya rusuna.

"Maigida, za mu ɗan fita."

Baba ya ce, "To, a dawo lafiya."

Na bayansa ma ya rusuna. Haka ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda na ce su bi ƙofar baya sai da suka zagayo suka yi masa sallama sannan suka koma. Goggo Mai Ɗinki, shugabar matan da ke ɗinke littattafai, har tsayawa ta yi tana tambayarsa ya ƙarfin jiki. Ni kuwa ina tsaye da agogo a hannu, ƙararrawa tana tsala ihu a kaina.

Na ce, "Jama'a, wuta ce fa!"

Goggo ta ce, "Manaja, ai ba ta gaske ba ce. Ko ta gasken ce ma, a wuce mutum kamar an wuce turmi?"

Na yi musu faɗa, na gaske. Amma a nan zan faɗi abin da ban faɗa a can ba: daɗi na ji. A nuna min wani kamfani a garin nan da ma'aikata suke yi wa maigidansu haka ba don tsoro ba.

Juma'a, 7 ga wata, biyar na yamma

Yaya ya zo ɗaukar Baba, ya ja ni gefe kusa da motarsa. Wani ya riga ya kai masa labarin minti tara.

"Manaja, ban hana ki neman satifiket ba. Amma atisayen nan naki ya nuna min abin da nake tsoro. In wuta ta tashi da gaske, wa zai fitar da shi?"

"Da ƙafarsa zai fita."

"Daga mota zuwa teburinsa, minti nawa muke yi da safe?"

Tambayar rainin wayo ce.

Ga yadda muka rabu. In masu dubawa suka zo suka kaɗa ƙararrawa Baba yana ciki, aka fita duka cikin minti uku, Yaya ba zai sake maganar Baba ya bar zuwa aiki ba. In ba haka ba, Baba ya zauna a gida, kuma ni zan gaya masa da bakina. Na ce na yarda, na ma ɗaga murya da na faɗa.

Yaya da safe da yamma yake ganin Baba. Ni ce nake zuwa gida da rana a wata biyun nan, in tarar da shi ya zuba wa bango ido, rediyo tana ta surutu ita kaɗai. In aka raba shi da ƙamshin tawada ba zai ga baɗi ba. Na sani kamar yadda na san sunana.

Yaya ya kuma sauke abin nan da ya sayo daga but ɗin motarsa. Na sa an kai shi sito an rufa masa leda.

Talata, 11 ga wata, sha ɗaya na safe

Na kafa doka: ranar ƙararrawa babu gaisuwa, babu sallama. Sun bi doka. Baba ma ya bi, yana jin ƙara ya dafa tebur ya miƙe, ya ɗauki sandarsa ya shiga lungu.

Lungun mutum biyu yake ɗauka. Akwai wuri a gefensa, sarai. Ba wanda ya bi ta wurin. Mutum ashirin da wani abu suka jeru a bayansa, ya ɗaga ƙafa su ɗaga, ya tsaya su tsaya, kowa ya sunkuyar da kai kamar ana neman allura a ƙasa. Dogo mai yankan takarda, wanda taku uku ke kai shi ƙofa, ya koma yana jan ƙafa.

Minti bakwai. Na tara su a fili na zazzage musu kwandon masifa. Da na juya na ji Goggo tana cewa ƙasa-ƙasa, "An bar jaki ana dukan taiki." Na yi kamar ban ji ba.

Baba lafiya lau yake. Takalmin ne yake da santsi.

Laraba, 12 ga wata, tara na safe

Na sa an shimfiɗa roba a lungu.

Juma'a, 14 ga wata, biyu na rana

Baba da kansa ya kawo dabara. Da aka kaɗa ya miƙe ya tsaya a jikin teburinsa, ya ɗaga sanda ya ce, "Ku wuce! Ni na ce ku wuce. Shekara arba'in ni ke fita a ƙarshe in rufe ƙofar nan, ba yau zan fara gudu in bar mutanena ba."

Muryarsa ta fita kusan kamar da. Tsigar jikina ta tashi. Suka wuce kamar an koro su, minti biyu da sakan biyar mutum talatin da uku suna fili. Na kusa yin guɗa.

Sai muka tsaya muna kallon ƙofa.

Minti uku. Minti huɗu. Kawu Mai Inji ya dube ni, na girgiza masa kai, don ƙa'ida ta farko ita ce wanda ya fito ba ya komawa. Ya sake dubana, ya cire hularsa ya miƙa wa Dogo, ya koma ciki. Mutum biyu suka bi shi. Suka fito tare da Baba a minti shida, ba wanda ya riƙe shi, amma sun kewaye shi kusa-kusa.

Da wutar gaske ce, mutum huɗu ke nan. Na rubuta wannan, na kuma daɗe ina kallonsa.

Litinin, 17 ga wata, huɗu na yamma

Matar ƙungiyar ta zo duban share fage. Ma'aikata har sun raɗa mata Mai Agogo, saboda agogon da ta rataya a wuya. Ƙarama ce, ba ta da hayaniya, amma ba abin da ke wuce mata. Ta ɗaga tukwanen kashe wuta ɗaya bayan ɗaya, ta tura ƙofar baya, ta leƙa ɗakin sinadari ta ce, "Wannan ya fi na wasu manyan kamfanoni." Na ce mata ai mu ba mu iya rabin aiki ba. Kaina ya yi girma, ban kuma ɓoye ba.

Ta gaida Baba cikin ladabi. Ya miƙa mata hannun hagu don karɓar katinta.

A ofis ta buɗe fayil ta tsaya a wani fom, jerin waɗanda ke buƙatar taimako wajen fita. Ni na cike shi tun watan jiya. Kalma ɗaya na rubuta, babu.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ta rufe fayil ɗin a hankali. "'Yar'uwa, ƙa'idar nan ba ta ce kowa sai ya iya gudu ba. Cewa ta yi wanda ba zai iya ba a rubuta sunansa, a rubuta mutum biyu da za su fitar da shi, da yadda za su yi. Shi ke nan. Zan dawo a makon ƙarshe na wata, ba zan faɗi rana ba."

Na raka ta ƙofa da murmushi.

Litinin, shida na yamma

Wa ya tambaye ta? Yaushe aka haife ta? Mutumin da ya ɗauki injin farko a kafaɗa shi da Kawu suka shigo da shi nan, shi za a sa a jerin masu buƙatar taimako? Ba da biron nan nawa ba.

Alhamis, 20 ga wata, goma na safe

Na bar fayil a buɗe a kan tebur, Dogo ya gani, kuma abin da Dogo ya gani duk maɗaba'a ta gani.

Da safe Goggo Mai Ɗinki ta tsaya a ƙofar ofishina, taku biyar daga teburin Baba, ta buɗe murya kamar tana kiran wani a tsallaken titi.

"Manaja! An ce akwai takardar masu son a taimaka musu? Sa sunana. Gwiwoyin nan sun gama yawo."

Wannan fa matar da kullum take hawa tsani ta sauko da katan ɗin takarda ita kaɗai ce. Na buɗe baki zan yi magana, ta zare min ido. Na rubuta.

Ba a yi rabin awa ba sai ga Kawu. "Ni kunnena ne. In inji na aiki ba na jin ƙararrawa, sai an taɓa ni." Bayansa mai gadin rana, wai asma. Dogo ma ya zo, wai jiri yake gani in ya yi sauri. Na ce masa ya ɓace min da gani kafin in nuna masa jiri. Kafin ƙarfe goma jerin da yake babu ya zama mutum biyar, kowa ya faɗi ciwonsa da ƙarfi yana kallon silin, ba mai kallon teburin da ke bakin lungu.

Na shiga sito na rufe ƙofa na yi kuka. Ina alfahari da mutanen nan, alfaharin da ban san inda zan ajiye shi ba.

Alhamis, uku na yamma

Baba ya kira ni. "Mamana, kawo takardar nan."

Ya karanta sunayen da kyau, ya ajiye. Ya ce a kira masa Kawu.

"Kai da kake jin ƙarar kusa ɗaya in ta kwance a cikin inji, yau kai ne kurma?"

Kawu ya ce, "Tsufa ne, Maigida."

"Kun maishe ni yaro ke nan. Ana lallaɓa ni a cikin gidana."

Ya sa na kira Yaya ya zo ya ɗauke shi tun kafin a tashi. Ban taɓa ganin ya bar wurin nan da mutane a ciki ba.

Juma'a, 21 ga wata, takwas na safe

Bai zo ba.

Litinin, 24 ga wata, takwas na safe

Bai zo ba. Makon Mai Agogo ya kama. Na yi atisaye don kada jiki ya yi sanyi, minti ɗaya da sakan hamsin. Ba wanda ya yi murna. Goggo ta rusuna wa teburin da ba kowa, ta kama kanta, ta wuce da sauri.

Yaya ya bugo ya ce ga shi Allah ya kawo sauƙi, satifiket ya samu, Baba ya huta. Na kashe wayar.

Talata, 25 ga wata, biyar na yamma

Na je gida wurin Baba da rana. Bango, rediyo, kamar yadda na zata. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

Ya ce, "Ranar da na tsaya ƙarshe, minti nawa na yi?"

Na shirya ƙarya tun a mota. Na dubi fuskarsa, ƙaryar ta ƙi fita. "Shida, Baba."

"Mutum nawa suka dawo ciki saboda ni?"

"Uku."

Sannan ya ce, "Kawu yana da 'ya'ya tara."

Na gaya masa komai, har yarjejeniyata da Yaya. Na ce ina son ya dawo, ba don satifiket ba, su riƙe abinsu. Na ce ni ma ban iya zama a wurin nan in ba ya nan. Ya ce in tafi kada a tashi ba ni.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in rubuta sau ɗaya. Baba shanyewar ɓarin jiki ya samu. Hannunsa na dama ba ya aiki, ƙafar dama jan ta yake yi. Abin da ke sito keken guragu ne. Wata uku ban faɗa ba, ko ga littafin nan. Baba ba lafiya lau yake ba.

Laraba, 26 ga wata, tara na safe

Ya zo! Da farar rigarsa mai guga.

Ya ce in kawo fom. Ya soke sunayen ƙarya guda huɗu, ya bar na mai gadi, don ashe asmarsa ta gaske ce. Sannan ya kama biro da hagu ya rubuta sunansa. Ya ɗauki lokaci, haruffan suka yi ta hawa suna sauka, na ɗauke kai ina gyara abin da ba ya buƙatar gyara. A gurbin masu taimako ya sa Kawu da Dogo.

"A fito da keken," in ji shi. "Tun da ba za su wuce ni ba, a sa ni a gaba a huta."

Dogo ya fito da shi ya goge, ya ajiye a gefen tebur. Baba bai kalle shi ba. Ni ya kalla.

"Wa zai rufe ƙofa?"

"Ba a kullewa, Baba. Wani dai zai duba bayi da sito, ya tabbata ba kowa, ya fito a ƙarshe."

"Wa?"

"Ni."

Ya auna ni da ido daga sama har ƙasa, irin kallon da yake yi wa takarda kafin ya yarda a buga. Ya ce, "To."

Mun gwada sau biyu. Na farko Dogo ya kusa haɗa shi da bango, Baba ya ce masa shi ba katan ba ne.

Juma'a, 28 ga wata, ɗaya na rana

Mai Agogo ta zo ƙarfe sha ɗaya da kwata, ana tsakiyar aiki, ba sallama ta kaɗa.

Abin da ya faru a gaba ban gani ba, ina baya. Na duba bayin maza, na duba na mata, na leƙa sito, na zagaya bayan babban inji. Ba kowa. Ban taɓa jin wurin nan shiru haka ba. Na bi lungu ni kaɗai, na fito cikin rana.

Suna tsaye a fili, layi-layi. Na kira sunaye, talatin da huɗu suka amsa. Mai Agogo ta juyo min da agogonta: minti biyu da sakan arba'in da ɗaya. Ta ce sauran sai rubutu, shaida za ta iso cikin mako biyu. Goggo ta rangaɗa guɗa har masu walda suka leƙo. Na tura wa Yaya hoton agogon ban rubuta komai a ƙasa ba, kuma na ji daɗin yin hakan.

Baba yana cikin kekensa a gaban fili. Kawu ya juya shi yana fuskantar ƙofa, don haka duk wanda ya fito a kan idonsa ya fito. Na durƙusa kusa da shi na ce, "Baba, mun ci. Kujerarka tana nan."

Kamar bai ji ba. Yana ta bin su da kallo, ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin gefen fuskarsa bai share ba.

Ya ce, "Mamana, shekara arba'in ƙeyarsu nake gani in za su fita. Yau na ga fuskokinsu. Ashe haka muke da yawa."

Aka ba da izinin komawa aiki. Ba wanda ya motsa, sai da Dogo ya tura shi ya shiga.